Sawun da Ya Tafi da Baya

Matan da suka je famfo da hantsi su ne suka fara ganin laimar a rataye kan itatuwan ƙaya, ta yage gida uku, tana kaɗawa kamar shanyar da aka manta. Kafin in nemo takalmina in isa filin, rabin gari ya riga ni. An fasa kwaɗon ɗakin kwanon da ake ajiye kayan aikin laimar. An yanke igiya da wuƙa dab da ganga. Zanzaro kuma babu shi, babu rimot ɗinsa.

Wanda bai taɓa ganin abin ba zai ɗauka mafarkina nake ba shi, don haka bari in yi bayani. Iskar ƙasa a wurinmu raguwa ce, da safe ko hula ba ta turewa. Amma can sama, kamar tsawon dabino ashirin, akwai wata iska da ba ta barci. Laimar nan faɗinta ya kai ɗaki huɗu, kuma ba ta iya tashi da kanta. Sai a naɗe ta a rataya a ƙugiyar wani ƙaramin jirgi mara matuƙi, ja, mai farfela huɗu, wanda muke kira Zanzaro saboda kukansa. Shi zai kai ta can ya saki. Ta buɗe, ta cika, ta shiga zagaye tana jan igiya. Igiya ta juya ganga, ganga ta juya janareta, mu kuma mu samu wuta da ruwan famfo. Shekara uku ina zuwa kallo kowace safiya, ban gaji ba. Rana ɗaya ce a mako ba a tayar da ita, ranar da ake duba igiya, kuma ranar ce wannan abu ya faru.

Na tarar da mutane sun yi dafifi kan wani layin sawu a cikin yashi. Shugaban kwamitin wuta yana tsaye a kai, yana nuni da sandarsa.

"Ku duba da idonku! Daga ina ya fito? Daga shingen Makiyayi. Ina ya dosa? Ɗakin kwano. Ko jariri zai karanta wannan."

Gaskiya haka yake ga ido. Takalmin taya ne, irin wanda rabin mazan gari ke sawa, yatsun sun fuskanci ɗakin kwano, dunduniyar tana wajen shinge. Kowa kuma ya san Makiyayi bai taɓa son laimar ba, domin filin da aka kafa ta nan shanunsa ke kiwo shekara ashirin. Kafin a ce me, samari sun tare shi a hanyarsa ta dawowa daga rafi, sun fasa masa leɓe, sun kulle shi a ɗakin batura.

Shugaba ya ɗaga murya ya ce, "Yana da daga yanzu zuwa faɗuwar rana. In bai fito da jirgin ba, a rushe shingen, iyalinsa su bar mana fili, shi kuma mu miƙa shi ga hukuma."

Matar Makiyayi tana tsaye nesa da goyo a baya da yara uku a gefe. Ba ta yi kuka ba, kallonmu kawai take yi ɗaya bayan ɗaya.

A lokacin ne Duba-Ƙasa ya iso. Abokina ne tun muna yara, sana'arsa bin sawun dabbar da ta ɓata, kuma ban taɓa ganin ya ɗaga kai ya kalli laimar sau biyu ba. Shi ne wan Gwani, mutumin da ya fara iya tuƙa Zanzaro a garin nan. Ya tsuguna a bakin sawun, ya daɗe. Sa'an nan ya karɓi kwanonin matan famfo ya kife a kan sawu bakwai.

"Duk wanda ya taɓa kwanon nan, shi ne ɓarawon," in ji shi.

Shugaba ya ce, "Malam, me ya rage a duba? Ai ga shi a fili."

"To ai ba ka yi asarar komai ba, Shugaba. Ka ba shi zuwa faɗuwar rana, ni ma ka ba ni."

Ya juyo ya dube ni. "Kai Mai Hange, taso. Yau dai wuyan nan naka da ya karye sama zai yi amfani."

*

Ɗakin batura yana da zafi, ga warin roba. Makiyayi yana zaune a ƙasa tsakanin akwatunan, rigarsa ta ɓaci da jini.

Duba-Ƙasa ya zauna kusa da shi ya ce, "Sannu, maƙwabci. Ina kake da gari ya waye?"

"Rafi. Tun kafin a ga tafin hannu na kora garke."

"Wa ya gan ka?"

"Shanu."

"Ba za su zo shaida ba."

"Na sani."

"An ce ka taɓa cewa za ka yanke igiyar nan."

"Na ce, shekara uku da suka wuce. Tun daga nan yarana suke shan ruwan famfon. Ka ga na yi kama da wanda zai yanke maƙogwaron 'ya'yansa?"

Duba-Ƙasa ya ɗauki ƙafar mutumin ya juya takalmin ya duba, ya ajiye. "Iyalinka ta ji wani abu?"

"Ta leƙo ta taga ɗazu ta gaya mini. Ta ce ta ji kukan abin nan naku da sassafe. Ba irin na kullum ba. Ya zo, ya koma, ya zo, ya koma, kamar ɗan maraƙin da ya rasa uwa. Ta gaya wa samarin, suka ce ta rufe baki."

Da muka tashi fita sai ya riƙe gefen rigar abokina. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya sake rufewa.

"Faɗi mana."

"Ba komai. Ba maganata ba ce."

*

Mai Tattabaru shi ne na biyu da ake zargi a ƙus-ƙus. Gidansa ne na ƙarshe kafin fili, kuma bara farfelar Zanzaro ta sare masa tattabaru biyu, ya rantse a gaban jama'a sai ya harbo jirgin da danƙo. Mun same shi yana watsa tsaba, danƙon a rataye a wuyansa.

"A'a, manyan baƙi! Mai kallon ƙasa da mai kallon sama. In aka haɗa ku ai an yi mutum ɗaya cikakke."

Duba-Ƙasa ya ce, "Danƙon nan ya yi aiki yau?"

"Kullum yana aiki. Jiya ma na harbi kyanwa, na samu tulun matata. Malam, ni da ba na samun kyanwa a kan katanga, ni zan samu jirgi a sama?"

"Amma ka yi murna."

"Na yi murna minti biyu, sai na tuna da ruwan famfon nake cika musu kasko." Ya sassauta murya. "Amma bari in gaya muku, abin nan ya tashi yau. Tattabaruna ba sa fashewa sama gaba ɗaya sai in sun ji shi. Yau rana tana fitowa suka fashe, fuuu! Har na ce wa matata, mutanen nan sun manta yau hutu ne?"

"Ka leƙa?"

"Ina bayan gida. In fito a haka?"

Muka fito. Abokina yana tafe yana taunar tsinke. Can ya ce, "Mutum biyu sun ji ya tashi. Makiyayi ko rediyo bai iya kunnawa ba. Mai Hange, kai ka san su. In za su tayar da shi, yaya suke tsayawa?"

Wannan ai tambayar da na yi shekara uku ina jira ce. Na riƙe iska da hannu biyu kamar rimot, na ɗaga kai. "Da farko mutum zai tsaya gab da jirgin. In ya tashi, ba a juya masa baya ko na ƙiftawar ido, Injiniyan da ya kafa mana laimar ya hana. Sai ka riƙa ja da baya, idonka a kansa, haka, haka, har taki goma sha biyu, ka tsaya a farin dutse."

"Sake yi."

Na sake. Bai kalle ni ba, ƙasa yake kallo. Ya tsuguna ya sa yatsa a sawuna.

"Dubi nan. Mai tafiya gaba dunduniya yake fara dasawa, yatsu su watsa yashi bayansa. Kai yanzu yatsu ka fara dasawa, takinka ya gajarce, yashin ya tafi inda bai kamata ba. Na ga haka tun da safe, na rasa abin da zai sa babban mutum ya yi tafiya da baya a fili."

Na ce, "Wato sawun nan ba daga shinge ya fito ba."

"Zuwa shinge ya tafi, da baya, fuskarsa tana kallon jirgi." Ya tofar da tsinken. "Mutum nawa suka iya tuƙa shi?"

"Injiniya yana birni. Saura biyu."

Ya miƙe a hankali. Biyun nan ƙanensa ne da 'yar ƙanensa.

*

Gidan Gwani tsaf yake kamar kullum, kowace sukundireba a ƙusarta, kowace waya a naɗe. Yana zaune a zaure, fuskarsa a bango. Tun ba mu yi sallama ba ya ce, "Yaya, shigo. Kai da Mai Hange ne, na ji jan ƙafarsa."

'Yarsa, wadda gari ke kira Matuƙiya, ta kawo butar shayi. Wata shida ke nan ita ke tayar da laima, uban yana tsaye bayanta yana cewa a bar yara su koya. Ta durƙusa ta gaida mu, idonta ya yi ja.

Duba-Ƙasa ya ce, "'Yata, makullin ɗakin kwano yana wurin wa?"

"Ɗaya a wurina, Baffa, ɗaya a wurin Baba. Ai kwaɗon fasa shi aka yi."

"Na gani. Ina kike da rana ta fito?"

"Ina wanki. Maƙwabta sun gan ni."

"In kina ja da baya, taki nawa kike yi?"

"Goma sha biyu. Ko a barci zan yi shi." Ta ɗago. "Baffa, ni kake zargi?"

"Ni ba na zargi, tambaya nake."

Gwani ya karɓi butar ya ce shi zai zuba wa yayansa. Na lura da wani abu, don ni mai lura da ƙananan abubuwa ne: ya ɗora ɗan yatsa a bakin kofin, bai daina zubawa ba sai da shayin ya taɓa yatsan. Na ɗauka sabon salo ne, har na ce a raina zan gwada a gida.

"Kai fa, ƙanena?"

"Ina kwance, Yaya. Kaina ke ciwo."

"Ka ji an kulle Makiyayi?"

"Na ji."

"An fasa masa baki. Da yamma za a kori matarsa da yara huɗu."

Kofin ya yi ƙara a kan faranti. Gwani ya ce, "Ai ƙila ɓarayi ne daga nesa. Me ya sa ba za a ce ɓarayi ne daga nesa ba?"

"Saboda Shugaba ya riga ya ga na kusa."

Matuƙiya ta raka mu ƙofa. Don in sassauta zancen na tambaye ta yaushe Injiniya zai dawo. Ta ce mako mai zuwa, kuma da likita zai zo, sabuwar doka ce, za a gwada idon duk mai riƙe rimot. Tana faɗin haka ta waiwaya zaure da sauri, kamar wadda ta saki abin da aka ba ta ajiya.

*

Muka jira rana ta karkata, domin Duba-Ƙasa ya ce sawu ba ya magana sai inuwa ta kwanta a cikinsa. Ya ɗage kwanonin ɗaya bayan ɗaya. Muka fara daga inda jirgin ke tashi, inda iskar farfela ta share yashi ta bar da'ira kamar an sa tsintsiya.

Taki goma sha biyu na farko a miƙe suke, har farin dutse. Mai sawun bai tsaya a nan ba. Ya ci gaba da baya, taki biyu, sai ya tsaya, ƙafafun suka murɗa hagu, suka murɗa dama, har suka haƙa ɗan rami. Ya sake taki biyu, ya sake murɗawa. Haka har arba'in da wani abu. A wani wuri ya taka ƙaramar ƙaya, a wani wuri ya yi karo da kututture.

"Me ka gani?" in ji ni.

"Mai kallon abu a sama ƙafarsa ba ta rawa, ido ke yin aikin. Wannan duk jikinsa yake juyawa."

A bakin shinge sawun ya ɓace, don igiyar da laima ta ja ta share ƙasar wurin har zuwa ganga. Amma abokina bai haƙura ba. Ya bi ta bayan shingen, ta hanyar shanu, yana tafe a sunkuye, har muka gangara wani ɗan kwari da ba kowa ke zuwa ba. A nan ya tsaya cak.

Yashin kwarin cike yake da tafin hannu. Hannu, gwiwa, hannu, gwiwa. Wani ya yi rarrafe a wurin yana shafa ƙasa, ya zagaya, ya dawo, ya sake zagayawa. Taki huɗu daga inda hannun ƙarshe ya tsaya, ga Zanzaro a kwance kan gajeren ciyayi, ja wur, farfela biyu a karye, rana tana haska shi. Daga bakin kwarin ma ana hango shi.

Duba-Ƙasa ya zauna a ƙasa. Ya ɗora tafinsa a kan ɗaya daga cikin tafukan, ya bar shi a nan. Na san shi shekara sittin, na ga ya bi sawun kura har raminta yana waƙa, amma ban taɓa ganin sawu ya zaunar da shi ba sai ranar.

"Ni na koya masa tafiya," in ji shi. "Uwarmu tana gona, ni nake riƙe masa yatsa."

Na ce, "Mu kai jirgin kawai mu ce mun tsinta. Za su saki Makiyayi."

"Za su ce shi ya jefar a bayan shingensa. Ka san su."

"To mu ce ɓarayi ne daga nesa."

"Shugaba zai yarda? Ko yau an sake shi, gobe in fitila ta mutu a gidan wani, shi za a jefa." Ya miƙe da ƙyar. "Farfelar nan da ka tsinta bara, wadda ka ɗaura wa zare kake damun mutane da ita, tana nan?"

Tana nan. Ina ajiye irin waɗannan abubuwa a wani tsohon akwati, tare da dutse mai rami a tsaka da gashin wani tsuntsu da har yau ban san sunansa ba. In ka kaɗa farfelar a sama da dogon zare, kukanta da na Zanzaro ba su da bambanci.

*

Rana ta kusa taɓa itatuwa lokacin da gari ya taru. Samari sun zo da adduna da igiyoyi don rushe shinge. Matar Makiyayi ta riga ta ɗaure kayanta a ƙunshi uku, tana zaune a kan ɗaya.

Duba-Ƙasa ya karɓi tsintsiya ya share wani wuri a gaban ɗakin kwano, sumul. Ya sa aka fito da Makiyayi ya tsayar da shi a kai. Ya kira Mai Tattabaru.

"Ni kuma? To, in za a rataye ni a bar mini danƙona."

Ba wanda ya yi dariya. Duba-Ƙasa ya kira Matuƙiya, ya kira Gwani, ya ce masu makulli ma su tsaya don kada a ce ya yi son kai. Matuƙiya ta kama hannun ubanta ta kawo shi, kamar dai ladabi take yi.

Shugaba ya ce, "Malam, rana tana tafiya."

"Saura kaɗan. Kowa ya yi shiru."

Ni kuwa na zagaya na hau tudun da ke bayan ɗakin kwano. Da Duba-Ƙasa ya ɗaga tsintsiya, na fara kaɗa zaren. Farfelar ta ɗauki kuka, ƙasa-ƙasa da farko, sa'an nan ta cika filin.

Duk fuskoki suka tashi sama. Makiyayi ya duƙe ya kare kansa. Mai Tattabaru ya zagi uwar jirgin yana laluben danƙo. Matuƙiya ta share sama da ido sau ɗaya, ta ga babu komai, ta juyo ta hango ni a kan tudu.

Gwani bai ɗaga fuska ba, kai ya karkata. Ya ja da baya taki biyu, ya tsaya, ya juya jikinsa hagu ya miƙa kunnen dama, ya juya dama ya miƙa na hagu. Ya sake taki biyu. Hannayensa sun taso daidai ƙirji, manyan yatsunsa suna motsi a kan abin da babu.

Hannuna ya mutu, zaren ya faɗi.

Duba-Ƙasa ya ce, "Shugaba, zo ka karanta. Ka ce ko jariri zai iya. Dubi wannan, ka je ka dubi na safe. Mai sawun nan ba daga shinge ya zo ba, da baya ya tafi. Kuma ba da ido yake bin jirgin ba, da kunne yake bi."

Shugaba ya duba nan, ya je ya duba can, ya dawo ya sauke sandarsa.

Matuƙiya ta fashe da kuka. "Baffa, don Allah! Baffa!"

"Bar shi, 'yata," in ji Gwani. Ya juya wajen da muryar wansa ta fito, ya ɗan kauce kaɗan, yana magana da iskar da ke gefen kafaɗarsa. "Tun bara abin ya fara, Yaya. Kamar hayaƙi. Na ce kafin likita ya zo in gwada sau ɗaya ni kaɗai, in na iya, to na iya. Da ya wuce tsawon dabino biyu sai ya ɓace mini. Na saki laimar tun ba ta kai ba. Na ji tana bugun ƙasa tana dosar bukkokin mutumin nan, ga yara a ciki. Na kama igiyar na bi ta da hannu har ganga, na yanke don ta mutu."

"Wannan na yarda. Kwaɗon fa?"

"Ni na fasa, da dutse. Rimot yana ƙarƙashin katifata. Na ce za a ce ɓarayi ne. Wallahi ban kawo shi a raina ba."

"Da aka kama shi fa? Na zo har zaurenka na gaya maka an fasa masa baki."

Gwani ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Jirgin ban ɓoye shi ba. Na neme shi, Yaya, na neme shi da hannu."

"Na gani. Taki huɗu ya rage maka."

Aka saki Makiyayi. Samarin suka fara ɓoye addunansu a bayan riga. Shugaba ya matso yana gyaran murya, yana cewa kuskure ne, kowa na iya yi. Makiyayi bai kalle shi ba. Ya taka har gaban Gwani ya tsaya, yana magana da ƙyar saboda leɓen.

"Wata uku ke nan kana wucewa ta shingena da safe, kana yi wa kututturen nan sallama kana ce masa maƙwabci. Ni nake amsa maka daga bayansa don kada ka ji kunya. Ko matata ban gaya wa ba. Yau a ɗakin can na so in gaya wa wanka, na ce ba maganata ba ce."

Gwani ya durƙusa a kan yashin da aka share. Makiyayi bai ɗaga shi ba. Ya wuce wurin matarsa, ya ɗauki ƙunshi ɗaya ya ɗora a kai, suka nufi bukkokinsu. Sai da suka shiga shinge na ga ya sauke.

Maganar Gwani aka bar wa Injiniya da kwamiti. Mutane suka watse biyu-biyu, ba mai kallon wani. Matuƙiya ta tafi kwarin ɗauko jirgin. Aka bar Duba-Ƙasa da ƙanensa a filin.

"Tashi mu je gida," in ji Duba-Ƙasa.

"Ka tafi, Yaya. Zan zo."

"Na ce ka tashi."

Abokina mutum ne da ke tafiya kamar kyanwa, sana'arsa ta hana shi ƙarar ƙafa. Amma ranar na ji yana jan takalmi, yana buga shi da ƙasa, ƙaf, ƙaf, ƙaf, har suka shiga gari.

Washegari na fita filin da safe kamar yadda na saba. Babu abin kallo a sama, don haka na kalli ƙasa. Na ga sawun mutum biyu sun nufi gari. Na gaba ya danne ƙasa da ƙarfi, na baya yana bin sa taki da taki, bai kauce ko sau ɗaya ba. Na nemo kwano na kife a kan guda.